Filin Tambaya da Amsa: Kwamfutar Kula da Gida a Karkara, Wacce Ce Ba Ta Cin Batir?

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu guda suka taru. Mutane ne a ƙauyukan Kano da Jigawa da suka kafa sola, suna son haɗa famfon rijiya da fitilun tsakar gida da ɗakin kaji da wata kwamfuta da za ta riƙa kunna su tana kashewa da kanta. Masu aikin lantarki da sola da masu haɗa kwamfuta ne suka amsa. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma cire sunaye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Ringim. Ina da sola mai batir biyu na 220Ah da inbata 2.5kVA. Akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur da aka ba ni, ina so in sa mata Home Assistant ta riƙa kula da famfo da fitilu dare da rana. Ɗana ya ce in sayi sabuwa ƙarama. Ni kuma ina ganin ɓarnar kuɗi ce tunda ga wata a hannu. Wa ke da gaskiya? Daga wani magidanci a yankin Ringim.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. A wannan karon yaron ne da gaskiya, amma kada ka karɓi maganarmu haka kawai, ga lissafin ka duba da kanka.

Kwamfutar da ke kula da gida ba a kashe ta. Don haka ba ƙarfinta ake dubawa ba, wutar da take sha tana zaune ba ta aikin komai ake dubawa, domin a haka za ta kwana ta wuni. Home Assistant, wadda ke sarrafa kayan lantarkin gida, manhaja ce marar nauyi, karanta zafin ɗaki da kunna fitila ba sa gajiyar da ko da ƙaramar na'ura. Tsohuwar kwamfutar tebur irin ta ofis takan sha tsakanin wat 40 zuwa 80 tana zaune, ban da allo. Mu ɗauki wat 60. A awa 24 ya zama wat-awa 1,440, kusan yunit ɗaya da rabi ke nan na mita a kowace rana.

Batiranka biyu an jera su ne su ba da bolt 24. Idan ka ninka 220 sau 24 za ka sami wat-awa 5,280. Sai dai batir mai ruwa ba a zuƙe shi ya wuce rabi in ana so ya daɗe, saboda haka abin da ke hannunka da gaske 2,640 ne. Daga la'asar sakaliya har hantsi ya dubi faifan sola, ka ƙaddara awa 14 ne batir ke ɗauke da gidan. A wannan tsakanin kwamfutar ita kaɗai za ta ci 840. Ga kuma wani abu da mutane da yawa ba sa sawa a lissafi: inbata ita ma tana shan nata ko da ba a jona mata komai. Masu girman taka sukan sha wat 20 zuwa 40 don kawai suna kunne. Idan muka ɗauki 30, wani 420 ke nan a dare ɗaya, kuma ba ka da damar kashe ta tunda kwamfutar a jikinta take. Jimla 1,260, kusan rabin abin da kake da shi, tun ba a kunna fanka ko firji ba. Ranar da marka ta sauka a watan Agusta aka wuni da hadari, kafin asuba inbata za ta fara kuka. Batirin da ake zuƙewa haka kowane dare kuwa ba ya kai shekarunsa, kuɗin sake shi ya ninka na ƙaramar kwamfutar da kake gudun saya.

Na'urorin da suka dace da wannan aiki iri uku ne. Akwai Raspberry Pi, allo ne kamar tafin hannu. Pi 4 da ya fito a 2019 yana shan kusan wat 3 a zaune, 6 ko 7 in aiki ya yi nauyi. Pi 5 na 2023 ya fi shi sauri, ya kuma ɗara shi shan wuta. Matsalarsa ita ce tsirara yake zuwa. Kafin ka saya masa gida da caja mai kyau da SSD, wato faifan ajiyar bayanai marar juyawa, kuɗin ya kusa kamo na iri na biyu.

Na biyun su ne ƙananan kwamfutoci masu ɗauke da Intel N100, wanda ya fito a farkon 2023. Sukan sha wat 6 zuwa 10 a zaune, suna zuwa da RAM da SSD a ciki, kuma da yawansu bolt 12 suke karɓa ta bakin caja. Wannan na ƙarshen shi ne babban amfaninsu a gidan sola.

Na ukun su ne ƙananan kwamfutocin ofis na hannu, irin su Lenovo ThinkCentre Tiny, Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini da Dell Wyse 5070. Suna da ƙarko, sukan tsaya tsakanin wat 7 da 13, Wyse 5070 ma ƙasa da haka, kuma ba ta da fanka. Amma bolt 19 zuwa 20 suke so, sannan cajar Dell da ta HP tana da wata siririyar allura a tsakiyar bakinta da ke shaida wa kwamfutar cewa cajar gidan ce. In ka ba su wuta daga wata na'ura daban, Dell takan rage saurinta, wasu HP ɗin kuma su ƙi tashi sam. Duk wanda zai sayi irin waɗannan a Beirut Road ko Farm Centre, ya sa a kunna masa a gabansa, ya shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ake buɗewa tana tashi, ya tabbatar ba a kulle shi da lambar sirri ba, ya kuma karanta bolt ɗin da aka rubuta a jikin cajar.

A gidanka mun zaɓa maka N100 mai bakin bolt 12, RAM 8GB, SSD 128GB ko 256GB. Kada ka jona ta a inbata. Ka ja waya kai tsaye daga batir zuwa ƙaramar na'urar sauke wuta daga bolt 24 zuwa 12, wadda masu kayan sola ke kira kwanbata, mai ɗaukar amfiya 5. A wayar da ta fito daga kan batir mai alamar tarawa, a sa fiyus na amfiya 5 dab da kan batirin, ba can kusa da kwamfuta ba, domin aikin fiyus shi ne kare wayar daga kamawa da wuta. Waya mai kaurin 1.5mm ta isa in nisan bai wuce 'yan mitoci ba. Rawutar intanet ma galibi bolt 12 take ci, sai ta shiga layi ɗaya da kwamfutar. Kwamfuta wat 8, rawuta wat 6, a awa 14 sun ci 196, da ɗan abin da kwanbata ke zubarwa a ce 220. Ka kwatanta da 1,260. Yanzu kuma kana iya kashe inbata da tsakar dare ba abin da zai tsaya.

Akwai kuskure biyu da ke biyo bayan wannan haɗin. Wani zai ce ai kowane batir bolt 12 ne, bari ya ɗauka daga guda ɗaya ya huta da sayen kwanbata. In aka yi haka batir ɗaya zai riƙa zama a ƙasa da ɗan'uwansa, wancan yana cika ya wuce kima wannan bai cika ba, a rasa su duka. Na biyu, inbata ce ke katse wuta in batir ya yi ƙasa, kai kuma ka kewaye ta. Saboda haka ka ɗauki wutar daga bakin lodi na kwantirolar caji in tana da shi, ko ka sa ƙaramar na'urar katsewa, ka saita ta a kusan bolt 23.6. Mai sola ta bolt 12 kuwa kada ya jona kwamfuta a batir tsagwaronsa, domin da rana lokacin caji yakan haura bolt 14, da dare ya sauko ƙasa da 12. Shi kwanbata mai ɗagawa da saukewa yake buƙata, wadda ke riƙe 12 cif.

Wurin ajiya ma abin lura ne. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki, ɗakin kwano marar silin kuma ya zarce haka. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi dacewa, a ɗora ta a kan kantar ajiye kaya, nesa da batir mai ruwa saboda tururin asid ɗinsa yana cin ƙarfe. Kada a rufe ta a akwati don gudun ƙura. Lokacin hunturu a hure ta da abin hura iska duk wata ɗaya ko biyu, a kuma duba ramukan iska, don zanzaro na son gina ɗakinsa a nan.

A ƙarshe ka shiga BIOS ka nemi wurin da aka rubuta Restore on AC Power Loss ko After Power Loss, ka mai da shi Power On. In ba haka ba, duk ranar da wuta ta katse ta dawo, kwamfutar za ta zauna a kashe har sai wani ya je ya danna mata makunni.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne, gidanmu a yankin Kura yake. Na sami kwamfuta N100 mai RAM 16GB. Wasu sun ce in sa Proxmox sannan in sa Home Assistant a cikinsa, wasu sun ce in sa Home Assistant kai tsaye. Wanne ya fi, kuma Proxmox yana ƙara cin wuta? Daga wani ɗalibi a yankin Kura.

AMSA: Ɗan'uwa, wutar da Proxmox ke ƙarawa ba ta taka kara ta karya ba, wat ɗaya ko biyu ne in kwamfutocin da ke cikinsa suna zaune. Abin da yake ƙarawa da gaske shi ne aikin kulawa.

Proxmox manhaja ce kyauta da wani kamfani a Biyana ta ƙasar Ostiriya ke fitarwa, an gina ta a kan Debian. Aikinta raba kwamfuta ɗaya zuwa ƙananan kwamfutoci da dama a cikinta, kowacce da nata tsarin, kamar gidan haya mai ɗakuna da yawa a kan mita ɗaya. Hanya biyu take bi. Akwai cikakkiyar kwamfutar ciki, wato VM, wadda ake yanka mata nata RAM. Akwai kuma kwantena ta LXC, wadda ke aron ƙashin bayan Proxmox ɗin, shi ya sa ta fi sauƙin nauyi.

Ka fara tambayar kanka ko kana da aiki na biyu da za ka ba wannan kwamfutar. In kula da gida ne kaɗai, ka sa Home Assistant OS kai tsaye a kan SSD, a yi ta ta ƙare. Ƙarin manhajojin da mutane ke cewa sai da Proxmox, irin su Mosquitto da Zigbee2MQTT da ESPHome da AdGuard, duk ana girka su a cikin Home Assistant OS ɗin kansa da dannawa biyu. Kuma ka tuna kai ɗalibi ne, za ka koma makaranta. Ranar da abu ya tsaya kana nesa, ƙaninka zai iya kashewa ya kunna, amma ba zai iya gano wace VM ce ta ƙi tashi ba.

In kuwa kana da aiki na biyu na gaske, Proxmox ya cancanta. Misali kana son ajiye Wikipedia ta Hausa da ta Turanci ta hanyar Kiwix don yaran gida su karanta ba tare da data ba, ko wurin ajiye fayilolin iyali, ko wurin gwaje-gwajen karatunka da ba zai taɓa famfo ba in ka ɓata shi. Akwai kuma wani amfani mai girma, kana iya ɗaukar hoton yanayin VM kafin ka sabunta Home Assistant, in sabuntawar ta zo da matsala ka koma baya cikin minti ɗaya.

Ga yadda ake yi. A BIOS ka kunna Intel VT-x, in ba haka ba VM ba za ta tashi ba. Ka jona kwamfutar da rawuta ta waya. Proxmox yana haɗa VM da sauran gida ta wata gada da ba ta aiki yadda ya kamata a kan Wi-Fi, mutane da yawa a nan suke maƙalewa. Wajen girkawa za a tambaye ka tsarin faifai, ka zaɓi ext4. ZFS yana da kyau a manyan injuna, amma yana cin RAM yana kuma yawan rubutu, SSD mai araha guda ɗaya ba zai ji daɗinsa ba. Ka ba kwamfutar adireshin da ba ya canzawa, za ka riƙa shiga shafinta ta ƙofa 8006.

Daga nan ka sauko da hoton Home Assistant OS na KVM, mai ƙarewa da qcow2. Ka ƙirƙiri VM, ka zaɓi OVMF a matsayin BIOS ɗinta domin UEFI take buƙata, ka cire alamar da ke kan Pre-Enroll keys, in ka bar ta ba za ta tashi ba. Ka ba ta ƙwaƙwalwar sarrafawa biyu da RAM 4GB. Mafi ƙarancin da masu manhajar suka faɗa shi ne 2GB da faifai 32GB, amma 2GB kan yi kaɗan da zarar an fara harhaɗa manhajar ESPHome, wadda ake ɗorawa a ƙananan allunan ESP32. Ka shigo da faifan da umarnin qm importdisk, ka sa shi farko a jerin tashi, ka kunna Start at boot. Shafin Home Assistant zai bayyana a ƙofa 8123. Sauran ƙananan ayyuka, irin su Kiwix, ka sa su a LXC da RAM 512MB ko 1GB kowanne. Kada ka raba RAM ɗin duka, ka bar wa Proxmox ɗin kansa kamar 2GB.

In kana da sandar Zigbee ta USB, wadda ke magana da makunnai da ma'aunai ba waya, sai ka miƙa ta ga VM daga shafin kayan aikinta, ka zaɓe ta da lambar na'urar ba da lambar rami ba, don kada ta ɓace in an sauya mata rami. Ka jona ta da wayar ƙari mai tsawon mita ɗaya a ramin USB 2.0. Ramukan USB 3.0 masu shuɗin baki suna fitar da hayaniya a zangon 2.4GHz, daidai inda Zigbee ke magana, shi ya sa na'urori ke ɓacewa suna dawowa ba dalili.

Gargaɗi ɗaya a kan rage wuta. Za ka ga ana ba da shawarar umarnin powertop --auto-tune. Yana rage wat ɗaya ko biyu, amma yana kwantar da ramukan USB barci, sandar Zigbee ta daina amsawa. In za ka yi, ka ware raminta. A mafi yawan gidaje kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu.

Hoton yanayin VM a faifai ɗaya yake zaune da VM ɗin. In SSD ya mutu sun tafi tare. Ka saita Proxmox ya riƙa kwafe VM zuwa wani faifai na USB duk mako.

TAMBAYA: Ina kiwon kaji a bayan garin Gaya. Wani yaro ya haɗa min Raspberry Pi 4 da ke duba zafin ɗakin 'yan tsaki yana kunna fitilar ɗumi. Bayan 'yan watanni ya daina tashi, aka canza memori, ya sake mutuwa. Kuma wani lokaci in wuta ta dawo sai ya kunna fitilun waje da rana tsaka. Mene ne matsalar? Daga wata mai kiwon kaji a yankin Gaya.

AMSA: Hajiya, matsala uku ce ta haɗu, kuma duk suna da magani.

Memorin waya ba a yi shi don rubutu dare da rana ba. Home Assistant yana ajiye tarihin kowace na'ura, a tsarinsa na asali yana zuba bayanai a faifai duk daƙiƙa 5, yana riƙe na kwana 10. Memori mai araha yakan gaji da wannan, balle jabu da suka cika kasuwa. A mai da tsarin kan SSD na USB, ko da 120GB ne. A kuma rage rubutun. Na'urar auna zafi ba ta buƙatar aiko rahoto duk daƙiƙa biyu, minti ɗaya ya isa.

Ta biyu caja ce. Pi 4 yana son bolt 5.1 da amfiya 3. Cajar waya da siririyar waya ba sa riƙe wannan. Da zarar wutar ta sauka ƙasa da bolt 4.63 yakan nuna gargaɗi, in kuma hakan ya faru yana tsakiyar rubutu sai memori ya lalace. In an ƙara SSD buƙatar wutar za ta ƙaru, don haka a fara gyara cajar. Mafi kyau a ɗauki wuta daga batirin sola ta kwanbata mai fitar da 5.1, yadda ba zai riƙa mutuwa yana tashi tare da wutar nepa ba.

Fitilar rana tsaka kuwa agogo ne. Pi 4 ba shi da agogon da ke tafiya in an kashe shi, daga intanet yake tambayar lokaci. In ya tashi sabis bai dawo ba, sai ya ci gaba daga lokacin da ya mutu, ya ɗauka har yanzu dare ne. A sa masa ƙaramin agogo mai suna DS3231 mai ɗan batirinsa. Pi 5 ya zo da agogo a jikinsa, batir kawai ake saya masa. Ƙananan kwamfutocin ofis ma suna da shi, sai dai in na hannu ne a canza batirin CR2032 da ke ciki.

Amma abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci shi ne kada ran 'yan tsakinki ya rataya a kan Pi. A makon farko suna buƙatar digiri 32 zuwa 35, ana rage kamar digiri 3 kowane mako, kuma daren hunturu guda ba ɗumi ya isa ya yi ɓarna. A ce wa yaron ya sa dokar kunnawa da kashewa a cikin ƙaramin allon ESP32 da ke ɗakin kajin, ESPHome yana da wannan tsarin. A haɗa masa ma'aunin DS18B20 a rataye daidai tsayin bayan tsaki, ba a jikin bango ba. Ta haka ko Pi ya mutu fitila za ta ci gaba da aikinta, shi Pi nasa ajiye tarihi ne da aiko miki saƙo in zafi ya kauce.

TAMBAYA: Na jona sumo, wato famfon da ake saukarwa cikin rijiya, mai ƙarfin doki ɗaya a makunnin Sonoff, irin wanda ake sarrafawa daga nesa, da aka rubuta amfiya 10 a jikinsa. Ya yi aiki na ɗan lokaci, yanzu ya ƙi kashewa, tanki na ta ambaliya. Ai famfon bai kai amfiya 10 ba? Daga wani mai lambu a yankin Auyo.

AMSA: Malam, yana cikin tafiya bai kai ba, amfiya 5 ko 6 yake ja. Amma a lokacin tashi motar da ke juya famfon takan ja ninki biyar ko shida na wannan, wato 25 zuwa 36 na ɗan ƙiftawar ido. Lambar 10 da ka gani ta kaya ce irin su fitila da hita. Kowane tashi yana haifar da tartsatsi a bakin rile, wato ƙarafan da ke haɗa wuta su yanke ta a cikin makunnin, a hankali ƙarafan biyu suka narke suka manne, shi ya sa ya maƙale a kunne.

Sonoff ba zai ɗauki famfo da kansa ba. Aikinsa ya kunna kontakta, wato babban makunni mai jure lodi mai nauyi, ita kuma ta ɗauki famfon. Ka nemi kontakta mai naɗin waya na bolt 220, wadda lambarta ta AC-3, wato ta ɗaukar mota irin ta famfo, ta kai amfiya 12 ko 18, tare da abin kariyar zafi da aka saita daidai da amfiyar da ke rubuce a jikin famfon. A layin da ke zuwa naɗin kontaktar a jera makunnin tanki mai yawo a kan ruwa, yadda in tanki ya cika zai yanke ko kwamfuta ta yarda ko ba ta yarda ba. A ƙara makunnin hannu mai matsayi uku, kashe da hannu da atomatik, don a iya ɗiban ruwa ranar da komai ya tsaya. A cikin manhaja ka sa iyakar lokaci. In tankinka kan cika a minti 40, famfo ya mutu da kansa a minti 50, kuma kada ya sake tashi sai bayan minti 5. In a kan sola yake, ka bar shi ya yi aiki tsakanin ƙarfe 11 na safe da 3 na yamma, lokacin da faifai ke ba da wuta sosai.

In famfonka irin na sola ne mai akwatin sarrafawa, kada ka yanke wayar da ta taho daga faifai da rile. In wutar faifai ta yi tartsatsi ba ya mutuwa da sauƙi, yana iya ƙona makunnin. Akwatin yana da bakuna biyu na alamar tanki ya cika, a nan ake jona rile marar wuta a bakinsa. Doguwar wayar da ta hau kan tanki kuma hanyar tsawa ce da damina, a kafa sandar ƙasa da abin kare hawan wuta. Wannan aikin na mai lantarki ne.

TAMBAYA: Ina da tsohuwar laftof da allonta ya fashe. Za ta yi aikin kula da gida? Daga wani malamin firamare a yankin Ɗambatta.

AMSA: Za ta yi, Malam. Da allo a kashe yawancinsu wat 8 zuwa 15 suke sha, batirinta kuma zai riƙe ta in wuta ta ɗauke. A saita ta kada ta yi barci in an rufe murfi, a canza tsohon faifai mai juyawa da SSD. Haɗarin shi ne batirin da ke zaune a cike kullum cikin zafin bazara yakan kumbura. In ThinkPad ce ana iya tsai da cajinta a kashi 60 ko 80 cikin ɗari. In ka ga madannai sun fara tasowa, ka cire batirin nan take.

TAMBAYA: Ina aiki a birnin Kano, iyalina suna ƙauye kusa da Birnin Kudu. Ina so in riƙa ganin gidan daga wayata, har da kyamara uku. Rawutar layin waya muke amfani da ita. Daga wani ma'aikaci a Kano.

AMSA: Yallaɓai, buɗe ƙofa a rawuta ba zai yi aiki ba, domin kamfanonin waya suna haɗa masu layi da yawa a bayan adireshi ɗaya. Ka girka Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta keɓaɓɓiyar hanya, a kwamfutar gidan da wayarka, kyauta ne ga mai amfanin kansa, ko ka biya kuɗin wata na Nabu Casa, sabis ɗin shiga Home Assistant daga nesa, wanda ake biya da kuɗin waje. Wajen sayen makunnai ka guji waɗanda sai sun je intanet kafin su amsa, kamar yawancin na Tuya masu Wi-Fi, don in sabis ya ɗauke ko fitilar zaure ba za ta kunnu daga waya ba. Ka nemi na Zigbee ko masu karɓar manhajar ESPHome ko ta Tasmota. Zigbee kuma ta kan na'urorin da ke jone da wuta yake miƙa saƙo daga ɗaki zuwa ɗaki, in an kashe inbata da dare su ma sun mutu, na nesa su yanke.

Kyamara ce za ta sauya maka lissafi. Kowacce takan sha wat 4 zuwa 8, ta fi sha da dare in fitilunta na ganin duhu sun kama. Uku sun kai kusan wat 20, ninki biyu na kwamfutar kanta. N100 za ta iya tafiyar da manhajar kyamara ta Frigate don gane mutum daga akuya, amma ita ma shan wutarta zai ƙaru. Kwamfuta da rawuta kaɗai, a ce wat 15, suna cin wat-awa 360 a rana, faifan sola na wat 150 da batirin LiFePO4 na 50Ah sun ɗauke su kwana ɗaya da rabi ba rana. Da kyamara uku lodin ya kusa wat 40, wat-awa 960 ke nan a rana, sai faifai na wat 300 zuwa 400 da batir 100Ah aƙalla, kuma a riƙa goge ƙurar faifan kowane mako da hunturu. Bidiyon ya zauna a faifan gida, hoto ɗaya kawai za a riƙa turo maka in an ga motsi, in ba haka ba datar wata za ta ƙare cikin 'yan kwanaki.